'Yar Ɗoyi a Ƙwaryar Kakata

Kurmin da ke gabas da garinmu, a bakin kwarin Gulbin Kaba, yanzu babu shi. In mutum ya tsaya wajen rijiyar makiyaya ya dubi gabas, gonaki zai gani iyakar ganinsa, da gawo jefi-jefi waɗanda manoma suka bari suka girma, da tsiron kaba nan da can. Itatuwa sun dawo cikin gonaki, wannan gaskiya ne, har sun fi na lokacin da nake goyon fari yawa. Amma itacen gona daban, kurmi daban. A gona ana share ƙarƙashin itace, reshe ba ya faɗuwa ya kwana biyu ba a kai shi murhu ba. A kurmi kuwa abin da ya faɗi nan yake zama, ganye bisa ganye, har ya ruɓe ya koma baƙar ƙasa mai laushi wadda ƙafa ke nutsewa ciki. Abubuwan da ke tsirowa a irin wannan ƙasa su ne suka tafi ba su dawo ba, kuma ban ji wanda ya yi cigiyarsu ba.

Da marka ta kankama, rumbu ya yi ƙasa, hatsin gona bai kai ko bununi ba, kurmin nan ne ke riƙe tukwanen gari. Mu 'yan mata da sassafe ake tura mu da ƙwarya, mu tsinko tafasa da yaɗiya da lalo da gasaya. Raɓa ta jiƙa mana zane har gwiwa. Daga cikin kurmi muna jin dakan gari, har muna gane turmin kowane gida: na gidan maƙeri da sauri kamar ana kora, na gidanmu a hankali, taɓarya biyu suna ba juna hanya. Kurciya na kuka bisa marke, kwaɗi ba su gama surutun dare ba, can gefen kwari kuma 'yan Fulani na kiran shanu da sunayensu. Yanzu in gari ya waye injin niƙa ne ke fara magana, sai moto, sai salula a aljihun kowa. Jikokina da safe lakwal, makarantar boko, suke tafiya da jaka a baya, kuma na gode wa Allah da haka. Sai dai in ka ajiye masu tafasa da rai-ɗore a faifai guda, ba za su raba maka su ba.

Duk abin da ya tsiro bayan ruwa da hula bisa ƙafa guda, laimar kwaɗi muke ce masa. Gidaje da yawa ba sa kusantar ta sam, suna cewa abincin kwaɗi ne. Amma akwai guda wadda ake ci, wadda na ji mutanen kudu na kira naman kaza. Mu 'yar suri muke ce mata, don a kan ƙasar gara kawai take fitowa, bayan an kwana ana ruwa da tsawa. Ƙanana ne farare, suna fitowa da yawa lokaci ɗaya kamar an watsa shinkafa, in rana ta ɗaga kuma su narke. A miya ɗanɗanonta kamar na nama, shi ya sa a marka take da daraja. Akwai kuma wata ƙarama, kusan girmansu ɗaya, wadda muke kira 'yar ɗoyi. Ita bisa ruɓaɓɓen itace take tsirowa. Ba ta kisa, ban taɓa jin ta kashe kowa ba, amma ba ta ciwuwa. In tana tsaye inda take ba ka jin komai sai ka kusanto sosai. In ka murje ta tsakanin yatsu sai wari ya tashi, irin na ruwan da majema suka jiƙa fata ya kwana uku. In kuwa ta ji wuta, tukunyar ma sai an yar, don yumɓu yana riƙe warin, kuma wanda ya daure ya ci zai yini yana kai da komowa bayan gari.

A garinmu mai raba wannan da waccan ita ce kakata, mahaifiyar babana. Kowa Inna yake ce mata. Ba ta duba laima da ido kamar yadda sauran mata ke juya ta suna leƙen ƙarƙashi. Ɗauka take ta kai hanci, ta ce "ci" ko ta ce "zubar", shi ke nan magana ta ƙare. Mata daga wasu unguwanni kan zo da ƙwaryarsu su durƙusa ƙofar ɗakinta ta shinshina masu. Takan ce da mu, "In kun je ku dubi inda ta tsaya. Ta ƙasar gara ku kawo, ta itace ku bar wa kwaɗi kayansu. In kun yi shakka kada ku tambayi idonku, ku kawo mini." Ba ta da dukiya, ba ta da 'ya'ya da yawa, babana kaɗai ya rayu cikin waɗanda ta haifa. Abin da aka san ta da shi a gari shi ne hancin nan.

Sunanta aka sa mini, kuma ni ce 'yar fari. Saboda haka mahaifiyata kunya biyu take ji a kaina: ba ta faɗin sunana don sunan surukarta ne, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye don ni ce ta fari. In tana son in yi aiki sai ta dubi bango ko turmi ta ce, "Wata ta ɗauko ruwa." Ni ce wata ɗin. Gaban Inna kuwa ba ta ɗaga ido, ba ta cin abinci, ba ta musa mata ko da Inna ta ce rana daga yamma ta fito. 'Yan matan yanzu suna kiran surukarsu a salula suna dariya, su ce mata miyar jiya gishiri ya yi yawa. Ban ce ba daidai ba ne, kowane lokaci da abin da ya iya. Mu dai haka muka tarar. Ni kaɗai ce a gidan aka yarje wa in yi wa Inna baki, don jika da kaka abokan wasa ne. Tana ce mini takwara, ina ce mata tsohuwa. In ta ce ƙafafuna kamar na zalɓe, in ce haƙoranta sun tafi cin kasuwa ba su dawo ba, a yi dariya.

Wata damina, ina da kamar shekara goma sha ɗaya, kurkunu ya kama babana a ƙafa biyu. Yaran yanzu ba su san shi ba, tun da aka samu ruwan pampo ya ɓace. Tsutsa ce fara doguwa mai fitowa daga ƙafa, ana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan kullum, ba a gaggawa, mutum kuma ba ya iya taka ƙasa. Noman farko da ƙyar aka yi shi. Lokacin maimai ya zo, ciyawa ta fi hatsin tsawo, babana na zaune a zaure yana kallon ƙafafunsa. Sai aka kira gayya. Yanzu in gonarka ta fi ƙarfinka 'yan ƙwadago kake nema. A da goro ake rabawa, a faɗi rana, samari da magidanta su zo da haiwa da makaɗi su nome maka gona yini ɗaya. Abin da ke kanka shi ne ciyarwa: fura da hantsi, tuwo da azahar. Kuma ana magana a kan tuwon gayya. Gidan da ya ciyar da kyau, in ya sake kira ana zuwa da gudu. Gidan da aka tashi da yunwa ko aka ci abin da ya ɓata ciki, sai a shekara ana ba da labarinsa a bakin rijiya, in ya sake raba goro kowa ya ce yana da uzuri.

Damin hatsi na ƙarshe aka sauko da shi daga rumbu. Akuyarmu guda ce, tana da ciki, ba a yanka ta. Inna ta ce kada kowa ya damu da nama, miyar gayya tata ce, kuma Allah zai kawo tsawa. Ya kuwa kawo. Daren jajibiri aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Da asuba Inna ta taɓa ni da sandarta. "Ke takwara, tashi mu tahi, kada kwaɗi su riga mu."

Muka shiga kurmi gari bai gama wayewa ba. Ta nuna mini wani suri da muka sani kusa da tsamiya, ta ce in tsince abin da ke kansa, in ƙara da tafasa, ita ta yi cikin duhuwar marke. Na samu 'yar suri amma ba yawa, ba ta rufe gindin ƙwarya ba. Can na ji ta tana kira da murna. Na tarar ta riga ta cika ƙwaryarta, ta rufe da ganyen kalgo. Ta nuna mini wani dogon tudun jar ƙasar gara a kwance, ta ce, "Kin ga rabo? Tun daga nan har can, kamar an shuka mini." Ta karɓi tawa ta juye cikin tata, ta ɗora a kai, muka komo.

Da hantsi gidanmu ya cika da mata masu taya aiki. An kai fura gona, muna jin ganga daga nesa da ihun samari in wani ya riga wani kai ƙarshen kunya. Manyan tukwanen tuwo biyu na kan wuta, mata uku na jiran tuƙi. Cikinsu akwai matar maƙeri, mace mai kirki da hannu a buɗe, amma abin da ta gani da safe kafin azahar ya kai ƙarshen gari. Inna ta zauna gaban nata murhun ita kaɗai. Tukunyar miyar gayya ba mai taɓa mata ita, haka take tun tana da ƙarfinta. Ruwa ya tafasa, ta saka daddawa da barkono da 'yar kanwa, ta jawo ƙwarya ta buɗe ganyen kalgo.

Mahaifiyata ta kawo mata ruwan wanki a ƙoƙo. Ta durƙusa ta ajiye, sai na ga ta tsaya a durƙushe fiye da yadda ya kamata. Laimar da ke ƙasan ƙwarya ta danne juna a hanya, ta murje. Mahaifiyata ta miƙe a hankali, fuskarta ba ta nuna komai ba, ta koma wajen turmi ta ɗauki taɓarya. Ba ta daka ba. Ta dubi cikin turmin ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Wata ta je ta taya Inna tsinta."

Na ce, "Ba ta bari a taɓa mata."

Ba ta dube ni ba. Ta sake ce wa turmin, "Wata ta je yanzu."

Na je na tsuguna gefen Inna. Ban ma kai hannu ba na ji shi. Na ɗauki guda na murje, warin ya bugi hancina har idona ya kawo ruwa. Na ce a hankali, "Inna, wagga tana wari."

Ta karɓa ta kai hanci, ta ja numfashi yadda ta saba, ido a lumshe. Ta ce, "Ci." Ta jefa ta cikin ƙoƙon wanki. "Hancinki ne ke wari, je ki hyace majina."

A nan na gane. Na tuna ranar da gefen zanenta ya kama wuta tana zaune ba ta sani ba sai da na kashe mata, da nonon da ya lalace ta dama fura da shi ta ce lafiyarsa lau. Duk mun ɗauka tsufa ne da mantuwa. Ashe ba ta jin warin komai. Ta ci gaba da wankewa tana tarawa a faifai, iska kuma ta fara kai abin wajen masu tuwo. Na ga ɗaya ta ja gefen mayafi ta rufe hanci kamar tana share gumi. Matar maƙeri ta daina magana, abin da ba ta saba ba. Ba wadda za ta ce uffan. Tukunyar ba tasu ba ce, kuma wa zai ce wa Inna ba ta san laima ba? Za su yi shiru a kai tuwo gona, maza arba'in su buɗe akushi, sauran zancen kuma a yi shi gobe a rijiya.

Inna ta cika hannu biyu daga faifai ta nufi bakin tukunya. Na riƙe mata wuyan hannu.

Ko a wasan jika da kaka ba a riƙe hannun babba. Ta dube ni, na ji kamar in saki in ruga. Ban san inda maganar ta fito ba, na dai ɗaga murya yadda nake yi in muna wasa, na ce, "Tsohuwa, wallahi ba ki zuba ba sai na ƙirga. Jiya na gan ki kina zawarcin wani ƙaton kwaɗo bakin tabki, na san kayan gidansu kika kwaso mana."

Wata cikin matan ta yi 'yar dariya ta haɗiye. Inna ba ta yi dariya ba. Ta bar kallona ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya, ta ga mai mayafi a hanci, ta ga matar maƙeri na kallon ƙasa, ta ga surukarta tsaye da taɓarya ba ta daka. Sannan ta dubi abin da ke hannunta. Ta kawo shi kusa da ido, ta juya guda ta kalli ƙafarta, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta daɗe a haka. Sai ta mayar da su faifai, ta kakkaɓe hannu, ta yi tsaki.

"Sai yanzu?" in ji ta. "Tun asuba nake jiran ki buɗe baki. Na gauraya su don in ga ko mai sunana tana da hanci ko ado ne aka manna mata a huska. Har na kai bakin tukunya kahin ki motsa. Da na mutu jiya da haka za ki ciyar da mutane?"

Matar maƙeri ta saki numfashi ta tafa hannu. "Kai, Inna! Na ce yau mi ya samu Inna?"

"Mi zai same ni? Ku dai ku tuƙa tuwonku kada ya yi gudaji. Ke kuma zauna nan, ki raba su ɗaya-ɗaya, ki hwaɗa mini dalili. In kika yi kuskure guda, ke za ki cinye ta ɗanya."

Na zauna na fara. Kowace na ɗauka sai in murje gefen hular in shinshina, in ce ta suri ko ta ɗoyi, in miƙa mata. Ita kuma sai ta karɓa ta kai hanci don idon mutane, amma yatsunta ne ke aiki. Tana lanƙwasa ƙafar tana magana da ƙarfi, wai koya mini take. "Kin ji wagga ta karye ƙas? Ta suri ke nan, ƙahwarta fara har ƙasa, ga jar ƙasa a gindinta, ga ɗan tsini a tsakiyar hula. Wagga kuwa dubi, lanƙwasa ta yadda kika so ba ta karyewa, kamar igiyar fata. Sama fari, ƙasa baƙi, da ɗan gashi-gashi. Dubi hular, ruwa ya wanke ta ta yi fari, amma ga zane-zane daga tsakiya zuwa baki. Da ta yini da kin ga ta koma ja kamar ruwan goro. Kuma mi ne ne wanga a gindinta?" Na duba na ce ɓarɓashin itace ne. Ta ce, "To, kin gani."

Matan suka matso suna kallo, har matar maƙeri na cewa ita shekara nawa tana kawo ƙwarya gidan nan ba a taɓa yi mata wannan bayani ba. Inna ta ce ai ba sunanta gare ta ba.

Da muka gama, mai kyau ba ta kai kashi ɗaya cikin uku ba, kusan duk wadda na tsinko ce wajen tsamiya da 'yan kaɗan. Aka sake wanke ta sau uku da sabon ruwa. Inna ta sa aka daka sauran daddawar gidan duka, aka ƙara tafasa da busasshiyar kuɓewa, ta yayyanka 'yar surin ƙanana-ƙanana don ta bazu. Da azahar muka ɗauki akussa a kai muka kai gona. Maza suka zauna ƙarƙashin gawo, haiwa a jingine, suka ci suka suɗe. Makaɗin gayyar ya ɗaga loma ya ce, "A gaya wa Inna miya ta yi daɗi, amma naman nata sai da na yi masa kiɗa kahin ya hito." Aka yi dariya aka koma aiki. Kafin la'asar sakaliya an gama gonar.

Washegari da rana Inna ta ce in ɗauko ƙoƙon da muka tara 'yar ɗoyi, mu kai ta inda ba kaza ko akuya. Muka koma kurmi, ta wuce kai tsaye wajen dogon tudun nan. Ta sa sanda ta bugi jar ƙasar, ɓawon ya fashe. Ashe gungumen marke ne ya faɗi ya ruɓe, gara ta bi shi ta lulluɓe da ƙasa tun daga kai har gindi. Laimar daga itacen take fitowa ta huda ƙasar gara. Duk wanda ya dubi inda ta tsaya zai rantse ta suri ce. Sababbi sun fito a daren, sun yi ja a rana, ga su nan cunkus.

Ta tsuguna ta tsinki guda, ta murje, ta kai hanci. Ta daɗe tana ja. Ta miƙo mini.

"Tana wari sosai?"

Na ce, "Sosai."

"Kamar mi?"

"Kamar ruwan majema."

Ta gyaɗa kai. "Haka take. Na tuna." Ta goge yatsu a ganye. "Tun bara da kaka ban ji warin komai ba, takwara. Ko hayaƙi, ko turare, ko ƙasa in an yi ruwan hwari. Na ce zai dawo." Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma roƙe ni komai ba. Ta dafa sanda ta miƙe ta ce, "Daga yau in an kawo ƙwarya, ki zauna kusa da ni. Koya miki nake. In kika hwaɗa wa wani abin da ba haka ba, in ce ƙarya kike, kuma ni za a yarda da ita."

Na ce, "Wa zai yarda da mai zawarcin kwaɗo?"

Ta kai mini sanda, na goce.

Haka muka yi damina biyar ko shida. Mata na kawo ƙwarya, Inna ta ce bari ɗalibarta ta fara, in shinshina in faɗa, ta karɓa ta lanƙwasa ƙafar ta kai hanci, ta ce yarinyar ta yi daidai. Wani lokaci don kada abin ya yi yawa sai ta ce na yi kuskure, ta zubar da mai kyau guda biyu, ta zage ni a gaban mutane. Nono ma in Fulani sun kawo ni ke fara kai hanci, da daddawa, da man shanu. Ban faɗa wa kowa ba, har mahaifiyata. Ita ma ba ta taɓa tambayar bango ko turmi abin da ya faru ran gayya ba.

Da lokacina ya yi aka yi mini aure a wani ƙauye wajen Attantane, tafiyar rabin yini cikin rairayi. Abin da na tafi da shi a rai ba kewar gida ba ce kawai. Ina lissafin watanni, ina cewa in marka ta zo aka kawo ƙwarya wa zai zauna kusa da ita. Daminar farko ban samu zuwa ba. Ta biyu aka kawo ni gida haihuwar fari, kamar yadda ake yi, na sauka lafiya a tsakiyar marka. Ina ɗakin mahaifiyata ina wankan jego, wata safiya bayan ruwa da tsawa, na ji sallamar mata biyu daga wata unguwa, na ji an ajiye ƙwarya ƙofar ɗakin Inna. Na kwantar da jaririn na fara neman mayafi in fita.

Kafin in kai ƙofa na hango mahaifiyata ta bar wanke-wanke ta je ta durƙusa nesa kaɗan, kanta a ƙasa yadda ta saba.

"Inna, murar nan har yanzu ba ta sake ki ba?"

Inna ta yi tari sau biyu, irin tarin da ba ya fitowa daga ƙirji. "Ba ta sake ni ba, ɗiyar nan."

"To kawo in shinshina miki, ke ki duba."

Ta jawo ƙwaryar ta fara murzawa tana miƙawa, Inna na lanƙwasa ƙafa tana cewa ci, tana cewa zubar. Matan biyu suka ce Allah ya ƙara sauƙi, Inna ta ce amin. Na koma na zauna bakin gado.

Murar nan ta yi damina bakwai. Duk marka mahaifiyata na tambayar ta ya jiki, tana cewa da sauƙi, mata na yi mata sannu suna ajiye ƙwarya. Da murar nan Inna ta rasu.